Daga Murya zuwa Ishara: Tarihin Aikin Ƙasa a Filin Jirgin Damagaram

Gabatarwa

Galibi idan ana batun tarihin jirgin sama a ƙasar Nijar, sunayen matuƙa da na kamfanoni ake kawowa. A wannan takarda muna son mu dubi mutanen da ke tsaye a ƙasa kusa da inji: masu tokare taya da waigi, masu ɗura mai, masu ɗaukar kaya, da mai nuna wa jirgi wurin tsayawa. Tambayarmu ita ce: ta yaya suke magana da matuƙi a wurin da ƙara ke haɗiye murya, kuma wa ke da ikon cewa a tsaya?

1. Damagaram a kan hanyar Kwango

A shekara ta 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano. A 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai, amma garin bai rasa matsayinsa na zango ba. A 1934 Faransa ta kafa kamfanin Régie Air Afrique don haɗa Alje da Burazabil, a 1935 kuma kamfanin Sabena na Beljiyam ya buɗe hanyarsa zuwa Kwango. Duka biyu suna biyowa ta Gawo da Yamai, su yada zango a Zinder, sannan su nufi Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Mirriya tana kilomita 18 gabas da Zinder, saboda haka tana ɓangaren da jiragen ke dosa bayan sun tashi.

A wancan zamani, a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, share hanyoyi da filayen sauka yana cikin aikin tilas, wanda ake tara wa mutane ta hannun sarakunan kanto irin na Mirriya. Sai a watan Afrilu na 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke shi. Ke nan talakan da ya fara kusantar jirgi umarni yake karɓa, ba ya bayarwa.

2. Zamanin farfela

Ƙananan jirage na farko da hannu ake tada su. Bakanike ya kama farfela, ya tabbatar wuta a kashe take, ya juya ta, sannan ya yi kira da Faransanci: «contact». Sai matuƙi ya maimaita kalmar kafin ya kunna. Wannan maimaitawa ita ce tushen dukan tsarin: ba a ɗaukar magana ta isa sai wanda aka faɗa wa ya mayar da ita. Amma tsarin ya dogara da kunne da kuma harshe guda. Wanda bai ji Faransanci ba yana wajen zancen, alhali jikinsa na kusa da farfela, wadda idan ta ɗauki gudu ido ba ya ganin ta.

3. Harshen hannu

Da injuna suka ƙara girma, murya ta daina isa. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifar da hukumar OACI, kuma cikin dokokinta na zirga-zirgar sama aka tsara isharori iri ɗaya ga duniya baki ɗaya. Hannu guda na nuna inji, ɗayan na kewayawa a saitin kai: a kunna. Hannu ya gifta maƙogwaro: a kashe. Hannuwa biyu sun gicciye bisa kai: a tsaya. Da dare ana riƙe sanduna masu haske. Jar fitilar da ke walƙiya a saman jirgi da ƙarƙashinsa kuwa, ita ce maganar matuƙi ga na ƙasa: muddin tana ci, kada kowa ya matso.

A yankinmu, an kafa ASECNA a Disamba 1959, aka buɗe makarantar EAMAC a Yamai a 1963, sannan kamfanin Air Niger ya fara aiki a 1966 yana haɗa Yamai da biranen cikin ƙasa. Ta wannan hanya aikin filin jirgi ya zama sana'a mai horo a hannun ƴan ƙasa.

Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Mirriya ko a Birnin Damagaram ya san zagi, mai tafiya gaban dokin sarki yana buɗe hanya. Mai ba jirgi hannu ya yi kama da shi, sai dai da bambanci guda: idan ya gicciye hannuwa, dole na bisa ya tsaya.

4. Injin jet

Farfela sara take yi, jet kuwa zuƙa yake yi ta gaba ya yi feshin iska mai zafi ta baya. A jirgi irin Boeing 737, ko inji na aiki a hankali, duk wanda ya shiga tazarar mita 3 gaban bakinsa yana cikin haɗari. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: tsakuwa, rairayi da leda, waɗanda inji ke haɗiyewa, da babbar riga da rawani, waɗanda iska ke fizga. Ranar 31 ga Disamba 2022, a Montgomery ta Amurka, injin wani jirgi ya zuƙe wata ma'aikaciya ta rasu, alhali jar fitilar tana ci kuma an yi wa ma'aikatan gargaɗi kafin isowar jirgin. Doka a takarda ba ta isa ba, idan gaggawa da sabo suka rinjaye ta.

Kammalawa

Abin da muka gani shi ne, cikin shekaru kaɗan mutumin ƙasa ya tashi daga mai share fili bisa tilas zuwa mai ikon tsayar da jirgi. Ishara ba ta da Faransanci ba ta da Hausa, amma bayaninta da harshe ake yi. Muna ganin ya dace a fassara waɗannan ƙa'idoji cikin Hausa da Barbarci don masu dako, masu shara da direbobin da ke shiga farfajiyar jirage, a kuma ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikatan filin da ke Zinder da Mirriya, domin nasu ɓangaren tarihin a bakinsu yake.