Daga Rio zuwa kwarin Tarka

Ƴan'uwa ɗalibai, iyayenmu a Dakoro sun ga farin 1984, wanda ya ƙarar da dabbobi a kwarin Tarka. Shekara takwas bayansa, a 1992, shugabannin duniya sunka taru a Rio, ƙasar Birazil, kan batun muhalli. Daga nan anka samu yarjejeniyar yaƙi da hamada ta 1994.

Sai maganar kuɗi. A Kopenhagen, cikin 2009, ƙasashe masu arziki sunka yi alƙawarin dalar Amurka miliyar 100 kowace shekara daga 2020, amma sai 2022 adadin ya cika. A Paris, Janairun 2021, anka ƙara alƙawarin miliyar 14 da ɗoriya don ganuwar itatuwa ta Sahel.

To, manoman jihar Maradi ba su jira taro ba. Tun bayan farin sunka kama sassaben zamani: a bar tohon kututture, a rage rassa, gawo da kalgo su tashi. Haka gonaki wajen hekta miliyan 5 sunka farfaɗo a kudancin Nijar.

Ni dai a ganina, kuɗin nan hannun manomi da makiyayi ya kamata su sauka. Mu tambaya: nawa ya iso ƙauyukanmu?