Baƙar Tukunya Mai Fid da Farin Tuwo: Tawada da Zayyana a Ƙasar Katagum

Idan ana maganar tarihin koyar da zane a Arewa, yawanci akan fara ne da makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, sannan a tsallaka Zariya, inda aka dawo da sashen zane na kwalejin fasaha daga Ibadan a 1955. A ganina wannan lissafi ya yi tsallake, domin tun kafin zuwan Bature akwai malamin zane a ƙasar nan, sai dai ba a aji yake zaune ba, a bakin wutar tsangaya yake.

Katagum kuwa ta isa misali. Malam Zaki, mai tutar Shehu, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, a kan iyakar ƙasar Hausa da Barno, har ma ya taɓa shiga Birnin Gazargamu da yaƙi kafin rasuwarsa a 1814. Yaƙi dai ya wuce, amma hanyar Gabas ba ta mutu ba. Ta nan gardawa suka yi ta ratsawa neman tilawa, suna komowa da hadda da kuma hannun rubutu irin na Barno, mai kauri da cikar tawada. Ko da aka mai da gadon sarauta Azare a 1916, tsangayu na nan a ƙauyukansu, ba su bi sarki ba.

To, da me ake wannan aiki? Da abin da kowa ke ƙyama. Yaro zai kankare baƙin gindin tukunya, ko ya daka gawayi, ya haɗa da ƙaro da ruwa, sai ga tawada. Alƙalaminsa na gamba ne, allonsa kuma a wanke a sake. Da dare, bayan an hura wutar kara, a nan kolo ke fara gane cewa ba kowane baƙi ne daidai ba: wani ya miƙe, wani ya karkace, wani wutsiyarsa ta yi kyau har malam ya yi shiru bai ce komai ba. Wannan shirun shi ne yabon.

Mai rubuta Alƙur'ani da ka, shi aikinsa ya wuce baƙar tawada. Wasali da ja ake sa shi, hamza da rawaya, ga kuma kore a inda ƙa'idar Warshu ta nema. Akwai kumsa da kuri masu ƙidayar ayoyi, a gefen takarda kuma akwai da'irori na sumuni da rubu'i da nusufi da izu, kowanne da irin adonsa. Takardar kanta, a ƙarni na 19, daga Italiya take zuwa ta hamada, mai tambarin jinjirin wata uku. Sai kuma allon zayyana, wanda ake yi wa mai sauka: a shafe fuskarsa da fari, a ja layuka, a cika gidajen da launi, ba siffar mutum ba ta dabba. Ba littafi ake dubawa ba. Almajiri na riƙe wa gwani kaskon tawada, yana kallo, har ranar da za a ce masa ya ja layi ɗaya.

Injin ɗab'i bai kashe wannan hannu nan take ba, domin a Kano an buga rubutun irin su Sharif Bala yadda yake, ya bazu kasuwanni. Abin da ya fi cin sa shi ne sauƙi. Alƙalamin kanti mai launi ya maye gurbin tawadar da ake haɗawa, ya kuma fi ta saurin kodewa. Ɗalibin da ya taso a Azare kan koyi zana mangwaro da kofi a firamare, alhali allon saukar kakansa na rataye a zaure, ƙura ta rufe shi, ba wanda ya taɓa tambayar sunan wanda ya zana.