Ƙungiyar Matan Abeokuta: Daga Ajin Ɗinki Zuwa Ƙofar Fada

A 1932 Funmilayo Ransome-Kuti da wasu mata 'yan boko suka kafa 'yar ƙungiya a Abeokuta, aikinta koyon ɗinki, zumunci da taimakon marasa galihu. Ta daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, sai a 1944 da ta buɗe ƙofa ga matan kasuwa don koya musu karatu. A ganina wannan ce ainihin shekarar kafuwarta. Matan sun zo neman karatu, amma da kukansu a baki: ana ƙwace musu shinkafa da sunan tanadin yaƙin duniya, ga harajin da aka ɗora wa mata tun 1918, alhali ko mace ɗaya babu a majalisar Alake, sarkin Egba. Funmilayo ta ajiye tufafin Turawa ta ɗaura zane, ta koma yin jawabi da Yarbanci. A 1946 aka raɗa wa ƙungiyar sabon suna, Ƙungiyar Matan Abeokuta, masu biyan kuɗin ƙungiya suka kai kimanin 20,000.

Wasu na cewa boren haraji ne kawai, bai kamata a jera shi da gwagwarmayar neman ƙuri'a ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba. Masu bore ba sa ɗaukar akawu ya binciki littattafan baitulmalin gargajiya, su kuwa matan nan sun ɗauka. Da dubbansu suka kwana a ƙofar fada a Nuwamba 1947, suna waƙoƙin zambo, bukatarsu a fili take: wanda ake karɓar kuɗinsa dole a ji ta bakinsa. Gaskiya ne Alake Ademola, da ya sauka a Janairu 1949, ya dawo kan karagarsa daga baya, kuma masu suka na kafa hujja da hakan. Sai dai kafin ya dawo an dakatar da harajin, mata huɗu sun zauna a majalisar riƙon ƙwarya, abin da ba a taɓa gani ba a ƙarƙashin mulkin mallaka a garin.

Daga nan ƙungiyar ta haifi Ƙungiyar Matan Najeriya a 1949, sannan tarayyar ƙungiyoyin mata ta 1953 da ta nemi ƙuri'a ga kowace mace. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta je har Abeokuta ta ga Funmilayo, ta dawo Arewa da wannan kira, ta sha ɗauri a kansa. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976.