Shekarun da Albashi Ya Ƙi Zuwa, 1990 zuwa 1999

Da kwamitin biki ya ce in tattaro tsofaffin takardun ƙungiya saboda wannan fitowa ta musamman, na zaci rasiɗai da sunayen shugabannin da suka gabata kawai zan samu. A ƙasan akwatin ƙarfen da ke bayan teburina sai na ci karo da wani littafi mai baƙin bango, gara ta ci gefensa. Littafin zaman taro ne na shekarun 1990. Wani shafin da boko aka rubuta shi, wani da ajami, wani da Faransanci irin na wanda ya bar lakwal da wuri. Kwana uku na yi ina karanta shi. Maganar da ta fi yawa a ciki ita ce ta bashi, bashin da ma'aikatan gwamnati suka ci a hannun ƴan kasuwa a lokacin da albashi ya daina zuwa ƙarshen wata.

Ni ɗan mushe ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, kuma a cikin waɗannan shekaru na buɗe ido. Don haka ina karanta littafin nan ne da zuciya biyu: ta akawun ƴan kasuwa, da ta yaron da ake aikawa shago da ƴar takarda a hannu ba kuɗi.

Matsalar ta girmi shekarar 1990. A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin yuraniyom na Arlit da Akokan ya shigo Nijar da yawa, aka gina hanyoyi da ofisoshi, aka ɗauki ma'aikata. Da aka shiga shekarun 1980 farashinsa ya faɗi a kasuwar duniya, ga farin 1984, ga bashin waje. Janar Seyni Kunce ya rasu a watan Nuwamba na 1987, Ali Saibu ya gaje shi da baitulmali mai rauni. Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka ce sai an tsuke bakin aljihu: a rage ɗaukar ma'aikata, a rage abin da ake kashe wa ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, hukuma ta ce mutum uku suka mutu. Daga ranar nan ƙasa ba ta sake kwanciya ba. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta lokacin, USTN, ta haɗa kai da ɗalibai, aka yi ta yajin aiki, har a watan Nuwamba na shekarar Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa.

Sai babban Taron Ƙasa, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yulin 1991 aka rufe 3 ga Nuwamba, Farfesa Andre Salifu yana jagoranta. Dattawanmu suna ba da labarin yadda kasuwa take yin tsit idan an fara watsa muhawarar a rediyo. Mai awo ya ajiye tiya, direba ya kashe kamiyo, kowa ya kasa kunne yana jin ana tuhumar manya a bainar jama'a, abin da ba a taɓa ji ba. Taron ya ƙwace iko daga hannun shugaban ƙasa, ya naɗa Amadu Shefu firaministan riƙon ƙwarya, kuma ya yi watsi da sharuɗɗan masu ba da lamuni. Jama'a sun yi tafi. Su kuwa masu kuɗin sai suka riƙe hannunsu, gwamnatin riƙon ƙwarya ta hau mulki babu abin biyan albashi. A ƙarshen Fabrairun 1992 sojoji da kansu suka yi bore saboda ba a biya su ba, suka kama gidan rediyo, suka tsare wasu manyan jami'ai. A wannan shekarar ce gwamnati ta ƙulla hulɗa da Taiwan, ta ɓata da Sin, kuma kowa ya san neman kuɗi ne ya kai ta can.

A daidai nan ne littafin namu ya fara magana. Zama bayan zama, ƙorafi ɗaya ake maimaitawa. Mai shago ya ba malamin makaranta da ma'aikacin likita da ɗan gidan waya shinkafa da mai da sabulu, a kan za su biya idan wata ya yi. Wata ya yi, albashi bai zo ba. Wani watan ya bi baya. Shi mai shagon a hannun babban ɗan kasuwa ya karɓi kayan bashi, shi kuma babban akwai wanda yake jiransa a Katsina ko Kano ko Kwatano. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to a shekarun nan hanjin guda ɗaya ne, ya taso daga baitulmalin Yamai ya bi ta Maraɗi ya ƙetare Jibiya. Mu ƴan kasuwa muna yawan alfahari cewa ba mu cin na gwamnati, guminmu muke ci. Gaskiya ne. Amma wanda ya karanta littafin nan zai ga cewa a garuruwa irin namu albashin ma'aikaci shi ne ruwan da ke sauka kowane wata, damina da rani, kuma kowane ma'aikaci ɗaya akwai baki goma ko fiye a bayansa, a gari da ƙauye.

Akwai wani zama da ya fi tsaya mini a rai. An kawo shawarar a haɗa baki a daina ba duk wani ma'aikacin gwamnati bashi har sai an fara biyansu. Wanda ya kawo shawarar ba mugu ba ne, jarinsa ne ya kusa karyewa, an rubuta haka ƙarara. Wani dattijo ya amsa masa cewa malamin da za a hana gero shi ne yake koyar da ƴaƴansu, ma'aikacin likitan kuma shi za a tasa da tsakar dare idan mace tana naƙuda. Aka yi ta ja har magariba. Ba a yanke hukunci ba, an rubuta dai cewa kowa ya duba ƙarfinsa. A ganina wannan rashin yanke hukunci shi ne mafi kyawun abin da iyayenmu suka yi a wannan littafi, ko da yake na san wasu sun karye saboda shi, kuma ƴaƴansu suna cikinmu suna karanta wannan.

Kan hanya ma abin bai bar mu ba. Jami'in da ke tsaye a shinge shi ma yana bin gwamnati watanni, yana da iyali, ga mota cike da kaya a gabansa. Ba sai na faɗi sauran ba. Shingaye suka ƙaru, na goro ya tashi daga alheri ya zama kamar doka. Idan kuma aka shiga yajin aiki na gama-gari, babu mai buga hatimi, motoci su yi layi a bakin iyaka. Mai atamfa zai iya jira. Mai albasar Galmi da mai raguna ba za su iya ba. Akwai shafin da aka rubuta an tara gudummawa ga wani ɗan ƙungiya da albasarsa ta ruɓe a cikin mota yana kallo.

An yi zaɓe a 1993, Mahaman Usman ya zama shugaban ƙasa a watan Afrilu, Mahamadu Isufu ya zama firaminista. Mutane suka sa rai. Amma a watan Agustan shekarar bankin ƙasashen sefa ya daina karɓar takardun kuɗin da aka fitar waje da yankin, abin da ya girgiza ƴan canji na ɓangarorin iyaka biyu, don a lokacin ƴan kasuwar Najeriya da yawa da sefa suke neman kuɗin Turai. Sai babbar guguwar: ranar 11 ga Janairun 1994 aka sanar a Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Wanda ya kwana da jika ɗari ya tashi da jika ɗari a hannu, amma rabin kayan jiya za ta saya masa a Kwatano. Magani da madara da kayan gyaran mota suka yi tsalle.

Dole in faɗi gaskiya a nan, karyewar sefa ba kowa ta cuta ba. Masu fitar da shanu da wake da albasa sun ga kasuwa ta buɗe musu, don kayanmu sun yi araha ga mai saye daga waje. Wasu gidajen da muke gani yau a lokacin aka aza tubalinsu. Sai dai daɗin bai daɗe ba ta ɓangaren Najeriya, domin ita ma naira tana ta zubewa. An soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba, a tsakiyar 1994 ma'aikatan man fetur suka yi dogon yajin aiki, mai ya yi wuya har a garuruwanmu da suka dogara da na jarka. Gwamnatin can ta tsayar da dala a naira 22 a hukumance, a kasuwa kuwa ta haura 80. Ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka za su tuna wannan fiye da ni. Ma'aikaci kuwa, na nan da na can, shi ya sha duka biyu: kaya sun yi tsada, albashin da bai kai ba ma ba ya zuwa a kan lokaci.

Abin da na gani da idona kaɗan ne, amma bai bar ni ba. Ina tuna mahaifiyata ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida, abin da matar mushe ba ta saba yi ba a unguwarmu. Ina tuna baba yana fita da asuba ranar kasuwa da aron babur yana kabu-kabu, ya naɗe fuska da rawani kada iyayen ɗalibansa su gane shi. Sun gane shi, sun dai yi kamar ba su gane ba. Lakwal kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Fiye da sau ɗaya a cikin shekarun nan goma aka soke shekarar karatu baki ɗaya, kowa ya maimaita aji. Yayyenmu da yawa a nan suka bar karatu suka bi mota, kuma wasunsu su ne manyan ƙungiyar nan a yau. Idan ka tambayi Alhaji me ya sa bai ƙarasa kwaleji ba, kada ka yi mamaki in ya ce maka ba shi ya bar makaranta ba, ita ta bar shi. A gidan likita za a rubuta maka takarda ka je ka sayo komai, har auduga. Cikin wannan hali sanƙarau na 1995 ya same mu, ya kwantar da dubban mutane.

Siyasa ba ta tsaya jiran kowa ba. Isufu ya ajiye aiki a Satumban 1994. Aka sake zaɓen majalisa a Janairun 1995, ƴan adawa suka yi rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista. Shugaban ƙasa da firaminista suka shekara ba sa ga maciji, wannan ya naɗa wancan ya ƙi, har zaman majalisar ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka. A zaɓen Yulin shekarar aka rushe hukumar zaɓe ana cikin ƙidaya, aka ce shi ya ci. Yajin aiki bai tsaya ba, bashin albashi bai tsaya ba. Ranar 9 ga Afrilun 1999 aka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, Dauda Malam Wanke ya riƙe ƙasa wata tara, masu ba da agaji suka sake janye hannu, ma'aikata suka sake shiga watanni babu ko dala. Tanja Mamadu ya karɓi mulki a Disamban 1999. Idan ka ƙirga daga Ali Saibu, shugabanni biyar ke nan cikin shekara goma, kuma duk wanda ya biyo bayansa ya tarar da takardar bashin ma'aikata a kan tebur.

A zamanin Tanja ne albashi ya dawo yana zuwa wata-wata. Tsohon bashin kuma aka biya wani ɓangarensa da filaye: a ba ma'aikaci takardar fili a madadin watannin da yake bi. Da yawa ba su taɓa ganin filin da ido ba, sun sayar da takardar da araha don su sauke nauyi, kuma mafi yawan masu sayen ƴan kasuwa ne. Wannan ma yana cikin tarihinmu, bai kamata mu tsallake shi don muna biki ba.

Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, na lura dattawan ƙungiya ba farashin masara suka fara tambaya ba. Tambayarsu ita ce, an biya ma'aikata? Mu matasa muka yi ta mamaki. Sai da na karanta littafin nan na gane daga inda tambayar ta fito.

A shafukan ƙarshe akwai jerin waɗanda aka kawo ƙararsu gaban ƙungiya saboda bashi. An ja layi a kan waɗanda suka biya. Wasu an rubuta "an yafe" a gefe. Wasu babu layi babu rubutu. Na ga sunan mahaifina a ciki, an ja masa layi da jan biro, kuma na san da kuɗin takardar filinsa ya biya, don ni na raka shi shagon ranar. Mai shagon ya ƙirga, ya mayar masa da jika biyu, ya ce a saya wa yara takalma.

Littafin yana ofis, na sa shi a leda saboda gara. Ba za a fita da shi ba, kuma ba za a karanta wa kowa sunan wani ba. Amma akwai zama huɗu da ruwa ya cinye rubutunsu, duka na shekarar 1994. Duk dattijon da ya halarci zaman wannan shekara, ina roƙo ya biyo ta ofis ranar Litinin ko Juma'a bayan la'asar, ko ya aiko in same shi a gida da takarda da biro.