Daga Dandalin Kallo Zuwa Tef ɗin Ungozoma: Tarihin Ƙanƙancewar Kai

Kalmar maikirosefali da likitoci ke amfani da ita daga Girkanci ta fito, kuma ba ta nufin komai illa ƙaramin kai. Ba sunan wata cuta guda ba ce, sakamakon awo ce: an zagaye kan jariri da tef, an samu bai kai na tsararsa ba. Duk tarihin kalmar gwagwarmaya ce ta gane wannan, domin an daɗe ana ɗaukar masu larurar tamkar wani jinsin halitta daban.

A ƙarni na sha tara kallonsu ake zuwa yi da kuɗi. An ɗauko wasu yara biyu, Maximo da Bartola, daga ƙasar El Salvador, aka yi ta yawo da su a Amurka da Ingila da sunan wai ragowar mutanen Aztek ne, har aka kai su gaban Sarauniya Biktoriya a 1853. Masana ma ba su tsira daga wannan tunani ba. A 1867 Carl Vogt ya wallafa littafi yana cewa masu ƙaramin kai koma-baya ne zuwa ga kakannin ɗan Adam masu kama da biri. Rudolf Virchow, babban likitan Jamus, ya ƙi yarda, ya tsaya a kan cewa ƙwaƙwalwa ce ta samu tangarɗa tana cikin girma. Shi ne kuwa da gaskiya. Ƙoƙon kai yana faɗaɗa ne saboda ƙwaƙwalwar da ke turo shi daga ciki. In ta tsaya, shi ma sai ya tsaya.

Ƙarni na ashirin ya tona dalilan ɗaya bayan ɗaya: rubela da tunjere a lokacin goyon ciki, giya, da gubar nukiliya, kamar yadda aka gani ga 'ya'yan matan da bam ɗin Hiroshima ya riska da juna biyu a 1945. A 2002 aka gano ƙwayoyin gado da ke haddasa ta a wasu iyalai 'yan asalin arewacin Pakistan, inda auren zumunci ya yawaita. Hanyoyi da yawa, alama ɗaya.

Sai annobar Zika ta 2015 ta nuna amfanin awon da kuma rauninsa. Likitocin birnin Recife, a jihar Pernambuco ta Brazil, su suka fara lura cewa jarirai masu ƙananan kawuna sun yi yawa. Ƙwayar cutar ba sabuwa ba ce, tun 1947 aka gano ta a dajin Zika na Uganda, sauro ke yaɗa ta, amma ba wanda ya zarge ta da taɓa ɗan tayi. Ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci. A tsakiyar wannan rikici ma'aikatar lafiyar Brazil ta sauya iyakar awon: da farko santimita 33, sai 32, daga bisani 31.9 ga maza da 31.5 ga mata.

Mai shakka zai ce larurar da ake matsar da iyakarta sau biyu cikin 'yan watanni ba abin dogaro ba ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ma'aunin da aka fi bi yana tattaro kusan yara biyu cikin ɗari, wasunsu kuwa lafiyarsu ƙalau, gadon gidansu ne kawai. Amma wannan hujja tana aiki ne in an ɗauki awon a matsayin hukunci. Aikinsa shi ne ya sa a bincika: a duba kan iyaye, a sake awo bayan watanni, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Da Brazil ta bar iyakar a 33, da asibitoci sun cika da jarirai masu lafiya. Da ta matse ta fiye da kima, da masu larurar sun kuɓuce. Ba gwajin jini mai tsada ya fara fallasa ɓarnar Zika ba, lambobin da ake rubutawa a ɗakin haihuwa ne.