Makaranta da Ganuwa a Yammacin Kano

A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, a daidai kwanakin da 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙasar Zamfara cikin dare suka kora ɗalibai 279 zuwa daji, gwamnatin Jihar Kano ta ba da umarnin rufe makarantun kwana guda goma da ke bayan gari, kuma a cikinsu har da Kwalejin Haɗin Kai ta Karaye, wadda mutanen Rogo Sabon Gari da Rogo Ruma da Zarewa suka san hanyarta sarai. Ba hari aka kai mata ba, mazauninta ne ya jawo mata, domin wannan kusurwa ta yammacin Kano tana iyaka da ƙasar Katsina da ta Kaduna, ga shi kuwa a daren 11 ga Disamba 2020 an kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Tun daga nan mas'alar da ake ta juyawa a majalisun dattawa da tarukan iyayen yara ita ce katanga: tsawonta nawa, wa zai gina, wa kuma zai kwana a bakin ƙofarta.

Alhali kuwa wanda ya duba tarihi zai tarar cewa makaranta a ƙasar Hausa ba ta taso da katangarta ba. Makarantar allo zaure ce, ko ƙofar gidan malam, ko inuwar cediya. Bayan magariba almajirai su tara karan dawa su hura wuta, su kewaye ta da allunansu, malam yana bisa buzu da dorina a gefe, mai wucewa ya yi sallama ya tsaya sauraren karatu babu mai tambayarsa abin da ya kawo shi. Tsaron wannan makaranta, in an bi diddigi, na unguwa ne, tun da matan maƙwabta sun san kowane yaro da kwanonsa, kuma baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san masaukinsa. Hatta alarammomin tsangaya, waɗanda kan fita bayan gari su kafa bukkokin zana don neman kaɗaici, abin da suke dogara da shi bayan Allah shi ne haibar Alƙur'ani da alfarmar da jama'a ke yi wa ma'abotansa.

Kada mai karatu ya zaci wancan zamani na aminci ne tsantsa. Zamani ne na hari da kamun bayi, kuma saboda haka ne aka yi ganuwa, sai dai alƙarya ake yi wa ita gaba ɗaya, makaranta ta shiga ciki tare da kasuwa da marina da masallaci. Tarihin Kano ya nuna an fara ganuwar birni a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, kowace ƙofa da sarkinta mai rufe ta da faɗuwar rana. Bayan jihadi, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga iyakokin daula a buɗe suke, sai ya raya sunnar ribaɗi, wato a kafa gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da manoma da malamai, a gina masallaci a buɗe makaranta. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya rasu a 1837. Garuruwan yammacin Kano irin su Karaye da Gwarzo, waɗanda ke fuskantar hare-haren Maraɗawa, a cikin ganuwa suka yi wancan ƙarni, kuma yaron da ke bitar allonsa a cikinsu yana ƙarƙashin tsaro ɗaya da hakimi.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, hari ya ɗauke, ganuwa ta rasa mai yaɓe, damina ta yi ta cin ta. A cikin wannan sabon aminci ne makarantar boko ta zo, kuma tun ranar farko a waje ta sauka, domin makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a 1909 a Nasarawa take, bayan ganuwar birni. Wannan ya zama tafarki: a nemi fili mai faɗi nesa da hayaniyar gari, a gina azuzuwa da ɗakunan kwana da gidajen malamai, a bar filin ƙwallo da gona, a jera darbejiya a kan iyaka. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sa'an nan shirin ilmin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976, makarantu suka yawaita fiye da yadda baitulmali zai iya kewaye su, har ta kai hanyar masu zuwa gona da burtalin shanu sukan ratsa ta tsakiyar wata makarantar. Mai gadi kuwa galibi dattijo ne da sanda da tocila da butar alwala, aikinsa ya hana ɗalibai satar fita gari, ya kori awaki daga lambu, kuma a wancan lokaci hakan ya wadatar.

Fitina ta fara taɓa makarantun Kano ne daga cikin birni, lokacin da aka kai hari Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Satumbar 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok 276. Waɗancan maharan masu aƙida ne da ke gaba da bokon kansa. Abin da ya tunkaro Rogo da Karaye daga yamma wani iri ne daban, domin masu garkuwa da mutane kuɗin fansa suke nema, kuma makarantar kwana ta bayan gari ta tara musu ɗaruruwan yara a wuri guda, kusa da daji, nesa da ofishin 'yan sanda. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, an kuma tsara manufofi a Abuja, amma tsakanin takarda da bulo akwai tafiya.

A ganina katanga wajibi ce, haka ƙofa ɗaya mai littafin baƙi, da fitila, da wayar da za a buga a amsa cikin dare. Wanda ya ce waɗannan ba su da amfani bai taɓa riƙon amanar 'ya'yan mutane ba. Sai dai katangar bulo ɓarawon tabarma take hanawa, ba ta tare ayarin babura masu ɗauke da bindigogi, kuma in aka ci gaba da ɗaga ta ana jera waya mai ƙaya har makaranta ta koma kamar kurkuku, an cutar da tarbiyyar da aka gina ta dominta. Mayar da makarantu cikin gari ma, wanda wasu ke gani shi ne magani, yana da iyakarsa, tun da Islamiyyar Tegina ta Jihar Neja a cikin gari take aka kwashe yaranta da rana a Mayun 2021, haka kuma a Kuriga ta Jihar Kaduna, ranar 7 ga Maris 2024, da safe aka tattara yara daga makarantar jeka-ka-dawo mutanen gari suna kallo, ba su da abin da za su tare maharan da shi.