Hotunan Fasfo da Suka Ɗaure Hissène Habré

Wayewar garin 1 ga Disamba 1990, Hissène Habré ya tsallaka ruwa daga Njamena ya shiga Kusiri ta ƙasar Kamaru, ya gangaro Marwa, daga can jirgi ya kai shi Dakar da kuɗin baitulmali a hannunsa. Marwa kuwa ba baƙon gari ba ne ga direbobin Jimeta masu bin hanyar Garwa, don haka wannan tarihi na maƙwabta ne. A ranar aka wayi gari masu gadin kurkukun sirri sun tsere, ƙofofi a buɗe, mutanen da danginsu suka riga suka yi musu sadakar arba'in suna fitowa titi, ƙashi da fata, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa. Washegari Idriss Déby ya shigo birnin da mayaƙansa. Tambayar da ta dame ni ita ce, a irin wannan rana, ina ya kamata mai kyamara ya nufa? Abin da tarihin Chadi ya nuna shi ne, hoton da ya yi aiki daga baya ba na masu rawa a kan motocin yaƙi ba ne, ba kuma na fadar da aka wawashe ba. Ɗan ƙaramin hoton fasfo ne, irin wanda ake wankewa a kowane shagon hoto na bakin kasuwa, wanda aka liƙa a takarda aka rubuta suna da ranar kamu a ƙasansa.

Akwai wani irin hoto da masu nasara suka fi so, kuma an taɓa ɗaukarsa a bakin wannan ruwa. Ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka kashe Rabe a Kusiri, mutumin da ya rusa Kukawa a 1893 ya kafa mulkin ƙarfe a Dikwa. Aka yanke kansa, aka ɗaga shi gaban kyamara, hoton ya shiga littattafan Turawa. Me ya gaya mana game da mutanen da Rabe ya kashe ko ya sayar? Ko sunan mutum ɗaya babu a ciki. Sanarwa ce kawai cewa sabon mai gida ya iso, kuma ba a cika shekara biyu ba, a Satumba 1901, Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. Shekara 111 bayan kashe Rabe aka maimaita abin a Libiya. An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba 2011, aka shimfiɗe gawarsa a ɗakin sanyi a Misrata, jama'a suka yi layi da wayoyinsu. Duniya ta ga wannan hoto har ta gaji, amma iyalan fursunoni kimanin 1,200 da aka kashe a kurkukun Abu Salim a 1996 ba su samu komai a cikinsa ba, haka ma baƙaƙen fata 'yan ci-rani, har da 'yan Nijeriya da Nijar, da aka riƙa kamawa a lokacin da sunan sojojin haya. Hoton gawar azzalumi yana rufe magana ne, domin wanda ya kamata a tsayar a yi wa tambaya ya riga ya tafi da amsoshinsa.

Habré ya karɓi mulki ranar 7 ga Yuni 1982. Amurka da Faransa sun riƙe shi hannu bibbiyu saboda shi ne katangarsu a gaban Gaddafi, har Reagan ya karɓe shi a fadarsa a 1987, shekarar da sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya da motocin Toyota. A cikin gida kuwa ya kafa hukumar tsaro ta DDS, wadda ba ta amsa umarnin kowa sai nasa. An bi mutanen kudu a 1984, aka koma kan Hajarai a 1987, sannan Zagawa a 1989. A tsakiyar Njamena akwai wani kwamin ninƙaya na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗakuna, ana ce masa La Piscine, nan ake cusa mutane a ƙarƙashin ƙasa cikin zafin bazara. Akwai ɗaurin da suke kira arbatashar, a haɗa hannaye da ƙafafu ta baya a ja igiya har ƙirji ya bankaro, wanda ya rayu ma hannunsa kan shanye. Duk wannan an yi shi ne inda ido ba ya kaiwa. Hotunan zamanin da suka fita waje na faretin soja ne da na shugaba cikin farar riga.

Kafin watan Disamba ya ƙare sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar. Ba a ba su ofis na kirki ba, sai suka zauna a ginin DDS ɗin kansa, abin da ya sa shaidu da yawa suka ji tsoron zuwa. Duk da haka rahoton da suka fitar a Mayu 1992 ya tantance sunayen mamata 3,780, ya ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe za su kai 40,000. Sun tone kaburburan bai-ɗaya sun ɗauki fim. Inda babu hoton azabtarwa, suka sa aka zana yadda ake yi bisa bayanin waɗanda aka yi wa. Sannan suka yi abin da kwamitocin irinsu ba su saba yi ba: suka buga sunaye da hotunan manyan jami'an DDS a cikin rahoton. Wannan juya kyamara ne. Shekara takwas hukumar na ɗaukar hoton talakawa tana ajiyewa a fayil, yanzu ga fuskokin masu ajiyar a takarda kowa na gani.

Amma aikin da ya fi tsayawa a rai na wani akanta ne, Souleymane Guengueng, ma'aikacin Hukumar Tafkin Chadi, wadda Nijeriya ma mamba ce a cikinta. An kama shi a 1988, ya yi fiye da shekara biyu a tsare yana kallon abokan ɗaki suna mutuwa, ya yi wa Allah alkawarin in ya fita ba zai yi shiru ba. Da ya fito sai ya kafa ƙungiya da wasu tsofaffin fursunoni, suka riƙa zama da mutane ɗaya bayan ɗaya, tsohon ɗaurarre ko matar mamaci ko ɗansa, a cika takarda, a liƙa hoto. Suka tara fayil 792. A duba yadda irin wannan hoto yake: mutum ya sa rigarsa mai kyau, ya daidaita hula, ya kalli gaba ba murmushi, domin katin shaida ko neman aiki ya ɗauke shi, bai san shi ne zai tsaya masa a kotu ba. Ba a jima ba aka ga tsofaffin jami'an DDS suna komawa bakin aiki a ƙarƙashin sabuwar gwamnati, sai Guengueng ya ɓoye takardun a gidansa. Shekaru suka yi a ɓoye, har 1999 da ya miƙa su ga masu bincike na Human Rights Watch, kuma da su aka shigar da ƙarar farko a Dakar a farkon 2000.

A 2001 Reed Brody da Olivier Bercault na wannan ƙungiya suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS, suka tarar da takardu dubbai zube a ƙasa, ƙura da yanar gizo-gizo sun rufe su, shekara goma ba wanda ya share ɗakin. Jerin sunayen ɗaurarru na kullum, takardun shaidar mutuwa, rahoton tambayoyi, katunan shaida. Da masana lissafi suka tace su, sai ga sunayen mutum 12,321 da aka ci zarafinsu, 1,208 daga ciki sun mutu a tsare, ga kuma wasiƙu 1,265 da aka aika wa Habré kai tsaye a kan fursunoni 898. A cikin tarin aka samu rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi wa Rose Lokissim, matar da aka kama tana fitar da sunayen fursunoni a ɓoye zuwa ga danginsu, aka kashe ta a Mayu 1986. Waɗanda suka kashe ta su ne suka adana maganarta. Sauran tafiyar doguwa ce: kotun Senegal ta janye, Beljiyam ta shigo, Kotun Duniya ta umarci Senegal a 2012 ta yi shari'ar ko ta miƙa shi, aka kafa kotu ta musamman da Tarayyar Afirka. An fara zama ranar 20 ga Yuli 2015, alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso yana shugabanta. Ɗauko Habré aka riƙa yi a zaunar da shi, fuska naɗe da farin rawani, ido cikin baƙin tabarau, bai amsa wa kotu ko tambaya ɗaya ba. Ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma yana cikin wannan hukunci ya rasu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021.

Wani zai ce, kuma da hujjarsa, addini ya umarce mu da suturta mamaci, to me ya kai mu ɗaukar hoton kabari da ƙasusuwa? Wannan magana ita ce ma ta raba hotunan nan biyu. Abin da aka yi wa gawar Gaddafi tozartawa ne, ko da laifinsa ya kai tsawon Binuwai. Hoton fasfo kuwa na rayayye ne cikin mutuncinsa, shi ke mayar wa mutumin da aka jefa rami ba wanka ba salla sunansa da fuskarsa. Wanda ya hana shi sutura shi ne wanda ya binne shi da daddare a Hamral-Goz, filin bayan gari da aka tilasta wa fursunoni irin su Clément Abaifouta haƙa ramuka. Hoton kabarin da likitan bincike ya ɗauka ya ajiye a fayil ɗin kotu daban yake da wanda ake yawo da shi a WhatsApp.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba na jin an gama amsa shi. Déby, wanda ya kafa kwamitin, shi ne babban hafsan sojan Habré a lokacin kashe-kashen kudu na 1984, kuma ba a gurfanar da shi ba. Ya yi shekara talatin a kan mulki har aka kashe shi a Afrilu 2021, ɗansa ya gaje shi. Ashe ba gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago ba, hotunan kuma suka zama makamin sabon sarki a kan tsoho? Akwai gaskiya a nan. Sai dai a lura cewa gwamnatin Déby ta ajiye rahoton 1992 ne ta manta da shi, ba ta so fayilolin Guengueng ba, shi ya sa aka ɓoye su, kuma lauyar waɗanda aka zalunta, Jacqueline Moudeina, gurneti aka jefa mata a Njamena a 2001. Shaidar da ta fi ƙarfi ba mai nasara ne ya ƙirƙire ta ba, DDS ce ta rubuta da hannunta. Haka zancen cewa aikin Turawa ne, wanda Habré ya yi ta ɗaga murya a kai ranar buɗe shari'a, ya manta cewa Turawan nan su ne suka ba shi makamai, kuma 'yan Chadi sun riga sun liƙa hotunan nan shekaru kafin wani baƙo ya leƙo.

Sai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da alheri. Mu a nan mun gwada wannan hanya. Ba juyin juya hali ne ya kawo ƙarshen mulkin Abacha ba, ajali ne, ranar 8 ga Yuni 1998, amma abin da ya biyo baya iri ɗaya ne: ƙofofin kurkuku suka buɗe. A gidan yarin Yola Obasanjo yake lokacin da aka sake shi a wannan wata, Shehu Musa 'Yar'aduwa kuwa bai kai ba, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Hoton Obasanjo a rame ya zaga duniya domin shi tsohon shugaban ƙasa ne. Sauran waɗanda aka tsare ba shari'a a shekarun soja, ba wanda ya bi gida gida ya karɓi hotonsu. Kwamitin Oputa mai binciken cin zarafin jama'a ya karɓi ƙorafi kusan 10,000, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Sakamakon shi ne, in aka tayar da zancen Abacha a teburin mai shayi a Jimeta, wannan ya kawo PTF da tsayuwar farashi, wancan ya kawo kuɗin Suwizalan da waɗanda aka kashe, a tashi kowa na kan bakansa, masoyi da maƙiyi duk da ji-ta-ji-ta suke dogara. Shirun bai kashe gardamar ba, shaida kawai ya hana ta.

Yau kowa da kyamara a aljihu, amma hoton da ba suna, ba rana, ba wuri, ba wanda zai rantse shi ya ɗauka, ko ƙaramin lauya zai watsar da shi, balle yanzu da kwamfuta ke ƙera fuskar da ba a taɓa haifa ba. Lokacin da Mubi ta faɗi a ƙarshen Oktoba 2014, jama'a suka kwararo Yola, sansanonin Malkohi da Fufore da Damare suka cika, an ɗauki hotunan layin abinci ba adadi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross kuwa ta ce a 2019 tana riƙe da sunayen 'yan Nijeriya kusan 22,000 da suka ɓata, kuma a gidaje da yawa abin da ya rage na mutum shi ne hoton katin zaɓe ko na makaranta a ƙasan akwati. A Chadi ma tsugune ba ta ƙare ba. Kotun Dakar ta yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, sai a 2024 gwamnati ta fara biyan wani ɗan kaso, bayan da yawa daga masu haƙƙin sun rasu. Wata kotun Njamena da ta ɗaure jami'an DDS 20 a Maris 2015 ta ba da umarnin a gina wurin tunawa da mamatan, a kuma mayar da hedikwatar hukumar gidan tarihi cikin shekara guda. Har Habré ya rasu ba a aza tubali ko ɗaya ba.